Layi na Biyar

Bakwai saura biyar nake isa bakin ƙofa.
In na zo bakwai daidai, na makara.
Haka Kurokawa ya ce mana ran farko,
mu kuwa kafin azahar mun raɗa masa suna:
Malam Kurakurai.

Uwar kamfanin na can bayan teku, hawa arba'in aka ce.
Mu ɗan reshe ne a Dakace,
muna gyaran injinan da ke leƙa cikin mutum
ba tare da an tsaga shi ba.

Da safe rediyo ke mana ƙirga da harshensu,
mu miƙe hannu, mu lanƙwasa ƙugu,
Ishaya ɗan Wusasa da tumbinsa,
Lantana ta ofishin kuɗi tana kokawa da gyale,
'yan acaɓa na leƙe ta katanga.

Gaisuwa a nan ba ta da jela.
Ba ina gajiya, ba yaya ka baro su.
Ka rusuna, ka wuce.
Ni da kakata ke make min hannu in na nuna abu da yatsa,
yau a kan nuni nake cin albashi:
in nuna makunni, in ce, "A kashe yake!"
Kowace sifana da inuwarta a zane jikin allo,
in ta ɓace, inuwar ke kai ƙara.
Takardar sayen ƙusa sai ta sha hatimi shida,
jajaye, kamar tofin mai cin goro.

Biyar ta yi, shida ta yi, ba mai motsi.
Aiki ya ƙare tun la'asar,
amma fitilar Malam na kunne,
sai mu yi ta goge abin da muka riga muka goge.
'Yata Hassu a cikin barci take jin babur ɗina.

Wata Talata na makara da minti arba'in.
Aka miƙo min takarda mai layi biyar,
kowane layi tambaya ɗaya.
Me ya sa? Ban fito da wuri ba.
Me ya sa? Ban kwana gida ba.
Me ya sa? Ina asibitin Shika.
Me ya sa? Baba ke kwance
cikin injin da na gyara da hannuna watan jiya.
Na biyar na bar shi fari.
Amsarsa ba a wurina take ba.

A tsaye ya karanta. Bai ɗauko hatimi ba.

Alhamis muka kai Baba makwanci.
Juma'a muna zaune a ƙofar gida, Gyallesu,
sai ga shi, biyar saura biyar,
da baƙar kwat a tsakiyar bazara.
Ya cire takalmi, ya jera,
ya duƙa ya jera na kowa, hanci na kallon hanya.
Tsofaffi suka bar jan carbi.
"Ya haƙuri," ya ce, a karkace,
Ishaya ne ya koya masa a mota.
Ya zauna bisa tabarma kamar mai tahiya.
Can, da Turancinsa mai tsakuwa,
ya ce ran da nasa uban ya rasu yana cikin taro,
kuma sai da ya ƙarasa taron.
Shekara sha tara ke nan,
shi ma layinsa na biyar fari ne.

Litinin, bakwai saura biyar tana nan.
Hatimi shida suna nan.
Sai dai biyar na bugawa ya fito,
ya nuna makunni da yatsa,
ya ce da Hausa, "A kashe yake."
Muka dubi juna. Ko tari babu.
Lantana ce ta fara ɗaukar jaka.

Na tarar da Hassu ido biyu, tana tsallen igiya a soro.
Ta dubi rana, ta dube ni,
ta ce, "Baba, korar ka aka yi?"